Hutun Awa Ɗaya Haƙƙi Ne, Ba Alfarmar Oga Ba

Ya ku 'yan uwa mazauna Legas da kewaye, koke-koken da ke zuwa wa wannan ƙungiya kan batun hutu a wurin aiki sun yi yawa, har ya zama dole mu fito mu yi magana. Yaranmu masu gadin kamfanoni da masu lodin kaya a ɗakunan ajiya suna kama aiki tun ƙarfe shida na safe har magariba, amma idan ɗayansu ya nemi ya je ya ci abinci ya sallaci azahar, sai a ce masa wai nan ba Kano ba ce, in ba zai iya ba ya kama hanyar garinsu.

To, muna so kowa ya sani cewa wannan magana ba ta da tushe. Sha'anin ƙwadago a Nijeriya yana hannun Gwamnatin Tarayya ne, kuma Dokar Ƙwadago da aka kafa tun 1974 ita ce ke aiki a Apapa kamar yadda take aiki a Sakkwato. Ba ta san ɗan gari ba, ba ta san baƙo ba. Sashe na 13 ya tanadi cewa duk lebura da zai yi awa 6 ko fiye a rana, a ba shi hutu, sau ɗaya ko a rarrabe, wanda jimillarsa ba za ta gaza awa ɗaya ba. Kuma a lokacin nan yana da ikon barin wurin aikin ya tafi inda ya ga dama. Gaskiya ne dokar ta yarda cewa inda yanayin aikin ya tilasta, ana iya ba mutum lokacin cin abinci a nan wurin a madadin haka, amma ba ta yarda a bar shi da yunwa a bakin ƙofa ba. Sashen dai ya ba shi hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana 7, in an ci masa a rama masa ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci.

Masu cewa ai ba a rubuta takarda ba, su ma su ji: yarjejeniyar baka ma dokar ta san da ita.

Amma fa mu ma da namu laifin. Wasu daga cikin manyanmu ne ke kawo yara daga gida su damƙa su ga kamfani, su karɓi lada, sa'annan idan yaro ya kawo kuka su ce ya yi haƙuri kada a rasa wurin. Wane irin riƙo ne wannan?

Duk wanda aka hana shi hutu ya riƙa rubuta ranaku da awoyin da ya yi, ya kawo wa sakataren ƙungiya. Za mu raka shi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, in ta kama har Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.