Taƙaitawa Ba Karatu Ba Ce

Akwai wata magana da ta zauna daram a makarantun sakandarenmu, har an daina ja da ita. Za ka ji ta a bakin shugaban makaranta, ka ji ta a bakin malamin Turanci, ka ji ta a bakin uban da ya haɗa kuɗin rajistar jarrabawa da ƙyar. Wai Turancin yaranmu bai kai su zauna su bi littafin adabi layi-layi ba, lokaci kuma ba ya jira, don haka dabara ita ce a taƙaita musu labarin, a rubuta jigogi a allo, a jera sunayen taurari da halayensu, su haddace su ci kiredit. Karatun tsanaki, in ji masu wannan ra'ayi, sai 'ya'yan masu hali da ke makarantun Maitama da Asokoro. Mu nan Suleja, a unguwannin Hashimi da Magajiya da Kurmin Sarki, mu tsaya a inda ƙarfinmu ya kai.

Ban yarda ba. Wannan magana tana sanye da rigar tausayi, amma cikinta raini ne, kuma yaranmu take cuta.

Daga 2021 zuwa 2025 hukumar WAEC ta ɗora wa ɗaliban adabin Turanci littattafai irin su Second Class Citizen na Buchi Emecheta, da Wuthering Heights na Emily Brontë, da The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, da wasan Shakespeare mai suna A Midsummer Night's Dream. Ka tare yaron da ya fito da sakamako mai kyau a waɗannan shekaru, ka tambaye shi wanne ya karanta daga bango zuwa bango. Da yawa za su sunkuyar da kai. Abin da ya shiga hannunsu ɗan siririn littafin nan ne da ake shimfiɗawa a gaban shagunan littattafai na kasuwa, wanda ya matse dukkan littattafan shekarar cikin 'yan shafuka, da tambaya da amsarta a ƙarshen kowane babi. Wani ya sha raken, ya miƙa wa yaro tuka, mu kuma muna ta yi masa barka da shan zaƙi.

Bari mu ɗauki wasan Soyinka, tunda kusan kowane ɗalibin aji shida na waɗancan shekaru ya san sunansa. Taƙaitawa tana cewa jigon wasan rikici ne tsakanin gargajiya da zamani: Lakunle malamin makaranta shi ne zamani, Baroka dagacin Ilujinle shi ne gargajiya, Sidi kyakkyawar ƙauye ta zaɓi gargajiya. Shi ke nan, a juya shafi. Dubban yara sun rubuta wannan jimla, an ba su maki, kuma ba ta kai rabin abin da ke cikin wasan ba.

Wanda ya buɗe littafin zai tarar da wurin da Lakunle ke kushe biyan kuɗin aure. Yana jero manyan kalmomin Turanci, wata bisa wata, har suka ƙare masa, sai ya ɗora laifin a kan ƙamus ɗinsa, wai ƙarami ne, babban yana hanya. A nan malami ya kamata ya tsaya cak. Ya sa yaro ɗaya ya karanta jerin da ƙarfi, ajin ya ji yadda numfashinsa ke ƙarewa. Sannan ya tambaya: a cikin kalmomin nan duka, akwai hujja ko guda? Mutumin da ke da hujja yana bukatar wannan tulin? Ko dai aljihu ne babu nauyi? Yarinyar da ta taso a Suleja, ta ga samarin da ke fakewa da wa'azi ko da boko don gudun ɗawainiya, za ta riga malamin ba da amsa. Sai a wuce wajen Baroka. Tsohon da aka ce mana shi ne gargajiya ya ba mai awon hanya toshiya don a karkatar da layin dogo daga garinsa, gaskiya ne. Amma da me ya ja hankalin Sidi? Da injin buga kan sarki, da alkawarin sa hotonta a jiki ya zaga duniya. Ashe tsohon ba ƙin zamani yake yi ba, zaɓa yake yi: wanda zai rage masa iko ya kore shi, wanda zai ƙara masa ya rungume shi. Shi kuwa Lakunle, kayan zamani ya ara ya yafa, bai san ɗinkinsu ba. Ajin da ya gano wannan da kansa ya koyi wani abu game da masu mulki da 'yan boko wanda zai yi masa amfani har tsufa. Kuma abin takaici, hanyar da muke koyarwa yau Lakunle take haifa mana: baki cike da kalmomin da aka haddace, ba a taɓa tambayar me suke ɗauke da shi ba.

Haka Wuthering Heights, wanda aka buga a 1847. Labarin yana iso mana ne ta bakin wani baƙo, Lockwood, shi kuma mafi yawansa ya ji ne daga Nelly Dean, mai aikin gidan, wadda da hannunta a cikin abubuwan da take ba da labari. Taƙaitawa tana shafe wannan gaba ɗaya, ta kawo abubuwan kamar daga sama suka faɗo. Alhali tambayar farko da mai karatu zai yi ita ce: wa ya faɗa, kuma mene ne ribarsa in na yarda? Al'ummar da malamanta suka ƙare rayuwarsu suna tantance masu ruwaya ba ta bukatar a koya mata darajar wannan tambaya daga waje.

Wannan ne ma ya fi ɓata mini rai a cikin da'awar cewa karatun tsanaki na 'ya'yan wasu ne. Ka fito bayan sallar asuba ka leƙa zauren kowane malamin ilimi a cikin garin nan. Ɗalibi na durƙushe da Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya ja kalma biyu ko uku ya tsaya, malam ya fassara, ya faɗi dalilin wasalin ƙarshe, ya kawo abin da mai sharhi ya ce, wani lokaci a shafe zaman nan duka a kan layi biyu. Ba wanda ke cewa Larabci ya yi wa ɗan tela ko ɗan mai kayan miya wuya, a ba shi taƙaitawa. Da azumi kuma dubban mutane, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, suna zaune suna sauraron mai jan baƙi ya ja aya, mai tafsiri ya yi fashin baƙi kalma bayan kalma, kuma in ya yi tsallake za a lura. Yaron da ya yi wannan karatu da asuba shi ne ke sa yunifom da ƙarfe bakwai, mu ce masa kansa ba zai ɗauki shafi guda na Soyinka ba.

Turawan ma da muke ganin abin nasu ne, ba su daɗe da mayar da shi darasi ba. A 1929 I. A. Richards na Jami'ar Kambirij ya wallafa Practical Criticism, bayan ya riƙa raba wa ɗalibansa waƙoƙi ba tare da sunan mawaƙi ba, ya ce su faɗi abin da suka gani. Ya tarar da yawansu, 'ya'yan Ingila da aka haifa cikin Turanci, sun kasa kama ko ma'anar fili. Ke nan matsalar ba ta harshen uwa ba ce. Kowa sai an koya masa.

Masu taƙaitawa za su ce, to, mu dai jarrabawa ce a gabanmu. Ko a nan ma lissafinsu bai fita ba. Takardar farko ta adabi a WAEC tana kawo waƙa da guntun zube waɗanda ɗalibi bai taɓa gani ba, tana kuma tsakuro magana daga wasan Shakespeare ta tambayi wa ya faɗa, ga wa, a wane hali. Takardar harshen Turanci, wadda ba a shiga jami'a sai da kiredit ɗinta, tana da sashen fahimta da na taƙaita rubutu, kuma babu ɗan littafin kasuwa da zai gaya maka abin da zai fito. Yaron da bai saba zama da baƙon rubutu ba, in ya iso nan sai ya daskare. Daga daskarewa sai waige-waige, daga waige-waige sai a fara neman makarantar ƙauye inda ake rubuta amsa a allo. Satar amsa ba ranar jarrabawa take farawa ba. Tana farawa ne ranar da muka nuna wa yaro cewa amsa wani abu ne da ake karɓa daga hannun wani. Ko littafi guda da JAMB ke sa wa kowa, irin The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli ko The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba, wanda za a iya gamawa cikin 'yan kwanaki, taƙaitawarsa ce ke yawo a WhatsApp.

Bayan jarrabawar fa? Yaran nan za su sa hannu a takardar haya, da ta fili, da sharuɗɗan bashin da ake ci ta waya. Za a turo musu saƙonni masu tayar da hankali da tsakar dare. Mun ga abin da saƙo guda ya yi a Agustan 2014, lokacin Ebola, da mutane suka tashi suna wanka da ruwan gishiri suna sha. A gari irin Suleja, inda Bahaushe da Bagware da Koro da Banufe da Ibo da Bayarabe ke kasuwa ɗaya, mutumin da ba ya tsayawa ya auna magana kafin ya yaɗa ta haɗari ne ga maƙwabcinsa.

Na san halin da malamai ke ciki, ba kuma zan yi kamar ban sani ba. Aji ya cika har taga, darasi minti 40, littafi ya yi tsada, albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga shugaba yana ƙirga babi nawa aka gama. Amma fashin baƙi ba ya cin kuɗi. Sakin layi ɗaya ya isa, a rubuta shi a allo da alli, ko a ɗauki hoton shafi guda a raba wa kowane benci. A karanta sau biyu da murya. Malam ya riƙe bayaninsa, ya fara da tambaya: wace kalma ce ta tsaya muku? Me ya sa marubucin ya sa ta, bai sa 'yar'uwarta ba? Duk wanda ya faɗi ra'ayi, a ce masa ya ɗora yatsa a kan layin da ya ba shi hujja. Sau ɗaya a mako aka yi haka, daga aji huɗu zuwa aji shida, an yi zama da yawa. Ba za a bi kowane shafi haka ba, ba kuma a bukata. Wanda ya iya shafi goma da kyau zai ƙarasa sauran da kansa a gida.

A kuma daina cin tarar yaro don ya yi Hausa ko Gwaranci a lokacin da yake ƙoƙarin fahimta. In tunanin ya zo masa da harshen gida, a bar shi ya fito da shi, sannan a taya shi mayar da shi Turanci a rubuce. Haka zaure ke koyar da Larabci, kuma ya fitar da mutanen da suka rubuta littattafai da waƙoƙi da Larabcin.

Jihar nan ba ta da uzuri. A Kagara aka haifi Abubakar Imam. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi, da Ben Okri wanda ya ci kyautar Booker a 1991. Marigayi Abubakar Gimba, wanda ya shugabanci ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ɗan ƙasar Lapai ne. Cibiyar Hill-Top da B. M. Dzukogi ya kafa a Minna ta shekara da shekaru tana fitar da 'yan sakandare masu wallafa littattafansu. Hedikwatar NECO kanta a Minna take. Yaran Hashimi daga wannan ƙasa suka fito.

Iyaye ne za su iya juya abin, domin makaranta, musamman ta kuɗi, abin da iyaye ke tambaya shi take sayarwa. Muddin tambayarmu ɗaya ce, mutum nawa suka ci, to taƙaitawa da abin da ya fi ta muni za a ci gaba da ba mu. A taron iyaye da malamai na gaba, wani ya miƙe ya tambayi kwafi nawa na ainihin littattafan makarantar ta mallaka, kuma a hannun wa suke. In babu, kuɗin bikin yaye ɗalibai na shekara guda, da rumfunansa da ankonsa, zai sayi waɗanda aji zai riƙa karɓa-karɓa. Sabon jerin WAEC na 2026 zuwa 2030 ya riga ya shigo, da To Kill a Mockingbird da Antony and Cleopatra a ciki, kuma masu buga taƙaitawa ba su yi barci ba. A gida kuma, ko uba bai iya Turanci ba, zai iya cewa ɗansa ya buɗe littafin ya karanta masa shafi ɗaya, ya fassara, sannan ya tambaye shi wa ke magana a nan, kuma shi ya yarda da shi ko bai yarda ba.