WUTAR DA KE KWANCE A GINDIN TEKU

A shekarar 2008 wani jirgin ruwa na binciken kimiyya daga Ingila, mai suna James Clark Ross, ya je yamma da tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, can ƙuryar arewacin duniya a Tekun Aktik. Da masanan da ke cikinsa suka auna gindin ruwa da na'urorinsu, sai suka tarar da wurare fiye da 250 inda kumfar iska ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, a zurfin mita 150 zuwa 400. Iskar nan ita ake kira metan. Tun daga lokacin maganar ba ta kwanta ba. Waɗansu na cewa duniya tana zaune a kan albarushi, waɗansu kuwa na cewa zancen Turawa ne da bai shafe mu ba. A ganinmu duka biyu sun kauce hanya, kuma ya kamata masu karatunmu, musamman mazauna Ikko da Fatakwal da Warri da Kalaba waɗanda ke maƙwabtaka da teku, su san ainihin al'amarin.

Metan ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ita ce mafi yawan gas ɗin da ke fitowa tare da man fetur daga rijiyoyin Neja Delta, ita ce kuma ke tashi daga juji da fadama da cikin shanu. Idan ta gamu da ruwa a wuri mai tsananin sanyi, ga kuma nauyin teku ya danne su, sai su daskare tare su zama wani abu fari kamar ƙanƙara, wanda in an fito da shi aka ƙyasta masa ashana sai ya kama da wuta. Dunƙule guda na wannan ƙanƙarar gas, in ya narke, yakan saki iskar da ta ninka girmansa kamar sau 160. A yawancin tekunan duniya sai an nutsa wajen mita 500 take iya zama, amma a Aktik, saboda sanyi, tana zaune tun daga mita 300 zuwa 400. Wadda ke bakin wannan iyaka ɗumi kaɗan ya ishe ta narkewa.

Dalilin damuwa kuwa a fili yake. A cikin shekara 20, tan ɗaya na metan yana tsare zafi a sararin sama fiye da tan 80 na iskar kabon da ke fita daga motoci da masana'antu. Tun daga 1979 yankin Aktik yake ɗumama da saurin da ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu, kuma ruwan da ke ratsa yammacin Svalbard ya ƙara zafi da digiri 1 cikin shekara 30 kafin zuwan jirgin nan. Abin da ake tsoro shi ne zafi ya narkar da ƙanƙarar, iskar ta tashi ta ƙara zafi, zafin ya sāke narkar da wata, haka har abin ya fi ƙarfin kowa. A 2010 masanan Rasha biyu, Natalia Shakhova da Igor Semiletov, sun ƙiyasta cewa kamar tan miliyan 8 na metan ke fita kowace shekara daga tekun gabashin Siberiya, inda zurfin ruwa bai wuce wajen mita 50 ba, watau kumfa tana iya kaiwa sama kafin ta narke. A 2017 kuma masanan Jami'ar Tromso ta Norwe suka ba da labarin ramummuka fiye da 100 a gindin Tekun Barents, waɗansu faɗinsu ya kai kilomita guda, waɗanda gas ya fasa shekara kamar 12,000 da suka wuce bayan da dutsen ƙanƙarar da ya danne wurin ya janye.

To, amma gaskiya ɗaya ce, kuma tilas a faɗi ɗaya ɓangaren. A 2014 masanan Jamus sun nuna cewa ɓuɓɓugar Svalbard ta yi aƙalla shekara 3,000 tana gudana, tun kafin a ƙera injin farko. A bazarar Turai ta wannan shekarar aka auna iskar yankin da jirgin ruwa da jirgin sama, ba a ga metan ɗin gindin teku ta ƙaru a sararin sama ba. Dalili kuwa, kumfar takan narke a ruwa tun tana hanya, sa'an nan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, a cikin laka da cikin ruwa, su cinye ta. Masu bincike da suka biyo baya sun sami adadin Siberiya ƙasa da wanda aka faɗa da farko. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan canjin yanayi ya ce a rahotonsa na 2021 da wuya ƙwarai ƙanƙarar gas ta ƙara wani zafi na a zo a gani a cikin wannan ƙarni.

Wannan bai isa ya sa a miƙe ƙafa ba. Ƙwayoyin nan in sun ci metan suna cinye iskar shaƙa da ke cikin ruwa, suna mai da ita kabon, ruwan ya yi tsami, abin da ke cutar da halittun da kifi ke rayuwa a kansu. Ba kullum suke kan lokaci ba kuma. A 2011 an ga wata sabuwar ɓuɓɓuga a Tekun Ross, can ƙuryar kudancin duniya, sai da aka yi kamar shekara 5 kafin su taru a wurin, kuma ko da suka taru ba su cinye iskar duka ba. Babban abin lura dai shi ne teku ce ke shanye kamar kashi 90 cikin 100 na zafin da ya ƙaru a duniya, a hankali take tura shi ƙasa, a hankali take sakinsa. Zafin da aka zuba mata bana zai isa lakar gindinta a zamanin jikokinmu, kuma ran da ya isa babu gwamnatin da ke da murfin da za ta rufe teku.

Saboda haka hankali ya koma kan metan ɗin da ke hannunmu. Yawanta a sararin sama ya ninka na kafin zamanin masana'antu fiye da sau biyu da rabi, kuma kamar kashi 60 cikin 100 na wadda ke tashi kowace shekara aikin ɗan Adam ne: kiwo, noman shinkafa, juji, haƙar mai da gas da kwal. Tun da kwananta a sama bai wuce kamar shekara 12 ba, wanda ya rage ta zai ga amfanin aikinsa da idonsa. Shi ya sa a taron Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya, suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

A nan ne muke da magana da Gwamnatin Tarayya. Tun 1979 aka kafa dokar da ta ce daga watan Janairu na 1984 a daina ƙona gas a rijiyoyin mai. Shekara 40 da ɗoriya ke nan, wutar ba ta mutu ba, kuma lissafin Bankin Duniya yana sa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi kowa wannan ɓarna. Wutar nan ba ta cinye metan duka, wata tana sulalewa sama tare da wadda ke yoyo daga tsofaffin bututu. Mazauna Ojota kuwa ba su manta da gobarar jujin Olusosun ta 2018 ba. Muna kira ga gwamnati da ta sa tarar ƙona gas ta fi ribar ƙona shi, ta tilasta wa kamfanoni toshe yoyo, ta kuma riƙa buga sakamakon awo a fili kowa ya gani. Gwamnatocin jihohi kuma su tara gas ɗin manyan jujinsu su mai da shi wutar lantarki.

Kada wani ya ce ina ruwan Biri da Gada. Daga 1901 zuwa 2018 teku ta hau da kamar santimita 20, kuma wanda ya san Bar Beach ta da, ko ya ji halin da garin Ayetoro na Jihar Ondo ke ciki, ya san teku ba ta mayar da abin da ta ci. Idan ruwa ya hau, unguwannin da ke kwari yake fara shiga, inda leburori da 'yan tireda da 'yan ci-rani ke haya, kuma da yawansu fari da ƙarancin amfanin gona ne suka koro su daga gida. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da bakin magana a wurin wakilansu na majalisa, lalle su tambaye su inda aka kwana game da alkawarin 2030. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.