Jeri Ko Ƙamus? Shawara Ga 'Yan'uwana Masu Koyon Python

Jama'a masu karatu, na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, tun ba game da 'yan'uwana da ke koyon rubuta wa kwamfuta umarni a wannan kwaleji tamu ba. Wanda bai saba da kwamfuta ba kada ya yi saurin juya shafi, gama maganar ta makin yara ce, kowanenmu kuwa gobe shi zai riƙe rajista.

Harshen nan da mu ke koyo, watau Python, wani mutumin ƙasar Holan ne mai suna Guido van Rossum ya fito da shi cikin 1991. Harshen ya tanadi mazubai iri iri na ajiye bayani, amma na farkon da a ke nuna wa mai koyo shi ne jeri, wanda a ke rubuta sunansa list. A waɗansu harsuna array su ke ce masa. Jeri kamar yara ne sun yi layi a ƙofar aji, kowa da gurbinsa, sai dai a nan daga 0 a ke fara ƙirga, ba daga 1 ba. In ka ce a ba ka na gurbi 5, nan da nan za a miƙo maka shi. Abu ne mai sauƙin ganewa, don haka mu ke sonsa. Amma fa son ya yi yawa. Na duba ayyukan abokaina da yawa, na ga kome aka ba mu sai mu zuba a jeri, kamar mai ƙwarya ɗaya, ita ce ta fura, ita ce ta awo, ita ce ta wanka. Ni ra'ayina wannan kuskure ne, kuma ban faɗa don na fi kowa ba, sai don ni ya fara kayarwa.

Bara, sa'ad da aka rarraba mu makarantu gwajin koyarwa, aka ba ni wani aji mai yara 42. Da aka gama jarrabawa na ce bari in nuna gwaninta. Na yi jeri uku, ɗaya na sunaye, ɗaya na makin lissafi, ɗaya na makin Turanci, da nufin cewa yaron da ke gurbi 7 a jerin sunaye, makinsa na gurbi 7 a sauran biyun. Kome ya tafi daidai. Sa'an nan sai na ga zai fi kyau sunayen su bi bakaƙe, daga A zuwa Z, na ba da umarni a tsara jerin sunaye. Sunaye suka tashi suka sake wuri, maki kuwa suna nan inda su ke, ba wanda ya ce musu su motsa. Kwamfuta ba ta yi gardama ba, ba ta nuna alamar kuskure ba, gama abin da na ce shi ta yi. Na buga takarda tsaf na kai wa malamar ajin, wata dattijuwa da ta daɗe a aikin. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Ɗana, yarinyar nan ba ta taɓa faɗuwa lissafi ba tun da na san ta. Koma ka ɗauko mini takardun." Na ce, "To, Malama." Da muka gwada da takardun jarrabawa, ashe kusan ajin duka kowa makin wani ya ke ɗauke da shi. Da ba don idonta ba, da an tura wa iyaye, wata ta sha faɗa a gida ba laifinta, wani kuma a yaba masa a kan gumin da ba nasa ba.

To, ina laifin ya ke? Ba a tsara sunaye ba ne. Laifin tun ranar da na zaɓi mazubi ne. Suna da maki abu ɗaya ne da bai kamata su rabu ba, ni kuwa na raba su ɗaki uku, na bar lambar gurbi kaɗai ta riƙe zumuncinsu. Abin da ya dace da wannan aiki shi ne ƙamus, wanda Python ke kira dict. A ƙamus kowane bayani yana da mabuɗinsa, kamar yadda kalma ke tafe da ma'anarta. Ka ba da mabuɗin yaro, a ba ka sunansa da makinsa gaba ɗaya, kuma duk yadda ka juya tsarin, tare za su tafi.

Amma akwai wani rami a nan, kada wani ya ji na yabi ƙamus ya faɗa ciki. Ƙamus ba ya karɓar mabuɗi ɗaya sau biyu. In ka sa suna ya zama mabuɗi, alhali kuwa akwai Musa Audu biyu a ajin, makin na biyu zai hau kan na farko ya shafe shi, shiru, ba sallama. Mu kuwa mun san yadda sunaye ke maimaituwa a ajinmu. Saboda haka lambar shiga makaranta ita ce mabuɗi, gama ita ce ba a ba mutum biyu.

Ban da tsare gaskiyar maki, akwai maganar sauri. In ka tambayi jeri ko wane yana ciki, sai ya bi ɗaya bayan ɗaya tun daga farko har ya same shi, in ba ya nan kuwa sai ya kai ƙarshe tukuna ya ce babu. Ƙamus ba haka ya ke yi ba. Yana ɗaukar mabuɗin ya yi masa wani ɗan lissafi, lissafin ya fitar da lambar da ke nuna inda aka ajiye kayan, ya tafi can kai tsaye. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani ma'aikacin kamfanin IBM mai suna Hans Peter Luhn ya bayyana ta tun 1953. A aji mai yara 42, gaskiya ba za ka ga bambanci ba ko kaɗan, kada wani ya ruɗe ka. Amma a ce an ba ka sunayen masu jarrabawa 10,000, ka gwada su da waɗansu 10,000 da suka biya kuɗi. Da jeri, gwajin na iya kaiwa sau miliyan 100. Da ƙamus, kowane suna leƙe ɗaya ne ko kusa da haka. In kuwa ba ka bukatar kome sai sanin wa ke ciki wa ba ya ciki, akwai ƙanen ƙamus da a ke kira set, mu ce tari. Mabuɗai ne kawai ba kaya, ba ya riƙe abu sau biyu, ba ya kuma kula da tsari. Ya dace da waɗanda suka zo makaranta yau.

Kada a ce na tsani jeri. Inda tsari shi ne ma'anar abin, ba abin da ya kai shi. Na ɗaya da na biyu da na uku a aji, jeri ne. Darussan ranar Litinin daga safe zuwa tashi, jeri ne. Makin yaro ɗaya mako bayan mako, jeri ne, a kuma ajiye shi cikin ƙamus ƙarƙashin lambar yaron. Har ma yara 42 ɗin nan, da na yi jeri guda wanda kowane gurbi ke ɗauke da yaro sukutum, suna da maki tare, da ban ji kunya ba. Tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa kafin ya taɓa kwamfuta ita ce, da me zan riƙa neman abin nan? In da gurbi ne, jeri. In da lamba ko suna ne, ƙamus.

Wani abokina ya ce mini ai ƙamus ba ya riƙe tsari, haka ya karanta a wani littafi. Littafin ya tsufa. Tun daga Python 3.7, wanda ya fito cikin 2018, ƙamus yana riƙe abubuwa bisa yadda aka shigar da su. Kuma a lura, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Harshen Lua, da aka yi a Brazil cikin 1993, mazubi guda ya ke da shi mai yin aikin jeri da na ƙamus duka, bisa al'ada kuma daga 1 ya ke ƙirga. Abin da PHP ke kira array shi ma aikin biyu ya ke yi. Wanda ya koma wani harshe sai ya tambayi al'adar gidan.

Na san abin da waɗansu malamanmu za su ce, watau jeri ya fi sauƙin koyarwa, in aka haɗa wa mai koyo abu uku lokaci guda sai ya rikice. Da girmamawa na ke cewa, ban yarda ba. Wa ke cikinmu bai taɓa buɗe ƙamus ba? Wa bai san rajista mai lambar yaro a gefe ba? Mun san abin tun kafin mu san kwamfuta. Abin da ke faruwa shi ne, a kan daɗe a kan jeri har hannu ya saba, ƙamus kuwa sai a zo masa a gurguje, jarrabawa ta ƙarato. Roƙona ga Sashen Kwamfuta shi ne a koyar da su biyun kusa da juna, da misali guda na makin aji, a bar ɗalibi ya yi jeri uku ya tsara ɗaya, ya ga ɓarnar da idonsa a nan cikin kwaleji inda ba yaron kowa a ciki. A jarrabawa kuma a riƙa tambaya don me ka zaɓi wannan mazubi, a ba amsar maki nata.

Ku kuma 'yan'uwana da za ku fita gwajin koyarwa zango mai zuwa, kafin ku miƙa wa hedimasta kowace takarda da kwamfuta ta buga, ku zaro takardun jarrabawar yara biyar, na farko da na ƙarshe da uku daga tsakiya, ku gwada makin da hannu.