Mu biya mai lambu tun kafin ya shuka

Kowace shekara idan sanyi ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan cika da tumatir, salati, shu da karoti har a rasa masu saye. Mai lambun da ya yi wata uku yana ban ruwa dole ya sayar a farashin da dillali ya yanka, domin tumatir ba ya jiran kasuwa ta gyaru. Sau da yawa ma kuɗin ba nasa ba ne, tunda bashi ya ci wurin ɗan kasuwa ya sayi iri, taki da man inji. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin marigayi Seyni Kountché ta dage kan noman rani, mutanenmu sun ƙware a aikin lambu, daga Jiratawa zuwa Mirya da Galmi. Abin da ya rage musu shi ne mai saye tabbatacce.

Akwai wata dabara da ta kamata malaman makaranta da iyayen yara su duba. Gidaje kaɗan su haɗu, su zaɓi mai lambu ɗaya, su biya shi tun farkon shuka, shi kuma ya riƙa kawo wa kowane gida kwandon abin da ya nuna duk mako har ƙarshen kaka. A Japan iyaye mata na birni da suka ji tsoron magungunan feshi a abincin ƴaƴansu suna cikin waɗanda suka kafa ta, da sunan teikei. Ta kai Amurka a 1986, sannan a 2001 aka buɗe ƙungiyar AMAP ta farko a kudancin Faransa. Mu da muka saba da adashi, wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba.

A ce gida 20 sun ba da jaka 5 kowanne. Mai lambu ya samu jaka 100 a hannu daidai lokacin da yake bukatarsu, ba tare da ya jinginar da amfaninsa a rabin daraja ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Iyali kuma sun san gonar da miyarsu ta fito. Suna iya tambaya wane magani aka fesa, kuma kwana nawa aka jira kafin a tsinka, tambayar da ba mai iya amsa ta a bakin kasuwa. Ganyen zogale da karoti suna ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda yaro ke bukata don lafiyar ido da kariya daga cuta.

Wani zai ce, idan tsutsa ta cinye tumatir ko rijiya ta ƙafe fa? Gaskiya ne, a wannan tsari asara ta kowa ce, kuma dole a faɗa wa mutane haka tun farko. Amma yau manomi kaɗai ke ɗaukar ta, shi ya sa matasa ke barin lambu suna tafiya cirani. Ana rage haɗarin idan aka zaɓi mai shuka kaya iri-iri, aka raba biyan kashi biyu, rabi a farkon shuka, rabi idan aka fara tsinka. Hakan zai kuma sauƙaƙa wa malamin da albashinsa ya makara. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: ranar kawo kaya, yawan makonni, da abin da za a yi idan amfani ya kasa.

Makaranta ce wurin da ya fi dacewa a fara, domin iyaye suna haɗuwa can ta hanyar kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata, kuma ana iya raba kwanduna a harabarta ranar da aka tsayar. Malami zai iya kai ƴan ajinsa lambun su auna kwami, su ƙidaya kwanaki daga shuka zuwa tsinka, darasin lissafi ya samu ƙafa.

Masu lambu suna fara reno da zarar damina ta ɗauke, wajen Oktoba. Duk wanda ke son gwadawa, sai ya kawo maganar a taron iyaye na farkon shekarar karatu, kafin mai lambu ya tafi neman bashi.