Kafin a buɗe gadar Gaya

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, manyan motoci suka daina hawa gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. 'Yan kasuwa sun ji jiki, 'yan dako da masu abinci a bakin titi sun rasa ciniki, jama'a suka koma tsallake kogi da kwalekwale. Kowa ya san wannan asarar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin da Gaya za ta shiga ranar da aka janye shingen.

Kafin rufewar, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku daga tashar Kwatano suke tasowa, su ratsa Paraku, su haye gadar, su kama hanyar Dosso zuwa Yamai. Ga kuma hanyar Kamba ta jihar Kebbi. Layin dogon da kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗawa daga Yamai a 2014 a Dosso ya tsaya, don haka duk nauyin a kan taya yake. Motar siminti da tankar mai sukan kwana bakin titi suna jiran takardun duwan, kuma a wannan kwalta ɗin ne ɗan kabu-kabu da mai amalanke da ɗalibi da mai talla suke neman wurin ratsawa. Mai tafiya a ƙasa, wanda shi ne mafi yawa a garin, ragowar hanya yake samu.

Haɗarin ya wuce na a buge mutum. A Mayun 2019 tankar mai ta kife ta yi bindiga kusa da filin jirgin saman Yamai, fiye da mutum 50 suka rasu. A garin da ake sayar da fetur a kwalabe, mai shayi yana hura wuta kusa da inda tanka take fake, wane ne zai ce Gaya ta fi ƙarfin irin wannan?

Bayan haɗari akwai kuma batun inuwa. Abin takaici, babu garin da ya kai Gaya sauƙin samun inuwa a Nijar. Ruwan samanta yakan kai wajen milimita 800 a shekara, ga giginyar Dallol Mawuri, ga dajin Goru Basunga a kusa. Dogon yaro ko maɗacin da sai an yi ta ban ruwa kafin ya kama a Tawa, a nan damina ke rainonsa. Kuma ƙasar da aka bar wa itatuwa tana shanye ruwa, wanda in ba haka ba cikin unguwanni zai kwanta ya tara sauro.

Aikin da ya kamata a yi sananne ne. A ware wa manyan motoci fili a wajen gari, da hanyar da za ta kai su gada ba sai sun keta tsakiya ba, sannan kewayen kasuwa da tasha ya koma na masu tafiya a ƙasa, da itatuwa da magudanai. Amma kada gyaran ya zama korar talaka. Rusau ɗin shagunan da aka yi a Yamai a 2016 ya raba mutane da yawa da abincinsu. Mai ƙosai da mai gyaran babur a fara nuna musu inda za su zauna kafin a taɓa rumfarsu, domin su ne za su kula da itatuwan da suke zama a ƙarƙashinsu.

Birnin Faris sai da ya sha jayayya da masu motoci kafin ya mayar da dandalin République ga masu tafiya a ƙasa a 2013. Gaya kuwa ta samu titi ya yi sauƙi ba tare da ta nema ba, kuma damar ba za ta daɗe ba. Tunda aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, shawarar tana hannun kantoma da duwan da ƙungiyoyin masu sufuri. In ba su shata filin ba tun yanzu, ranar da ayarin farko ya hayo daga Malanbil direbobi za su faka inda suka saba, ciniki ya sake taruwa a gindin motocinsu, kuma bayan daɗewar da aka yi ana jiran wannan cinikin, babu hukumar da za ta iya cewa su matsa.