Ƙarfen Tarakta a Ƙarƙashin Mota: Dabara Ce, Amma Tana da Iyaka

A wannan makon mun leƙa Amurka, inda masu sha'awar hawa duwatsu da mota suke ɗaga Jeep Cherokee da Wrangler don su sa manyan tayoyi. Wasu daga cikinsu, saboda tsadar kaya, shagon kayan noma suke nufa su sayo ƙarfen tarakta su ɗaura. Mu dai muna yaba dabarar, amma ba mu yarda a hau kwalta da ita ba.

Ga yadda abin yake. Gatarin gaba na waɗannan motoci hannuwa huɗu ne na ƙarfe ke riƙe da shi, biyu sama biyu ƙasa. Da zarar an ɗaga mota, hannuwan sai su karkata, su jawo gatarin baya, su ɗan juya shi. Nan take sitiyari zai rage dawowa tsakiya da kansa, farfela kuma tana iya fara rawa. Maganin shi ne hannun da ake iya ƙara wa tsawo ko a rage, kuma na kamfani yana da tsada.

Ita kuwa tarakta, a tsarin ɗaura garma a wuri uku da Harry Ferguson ya yi wa rajista a Birtaniya a 1926, tana da sandar sama mai wannan siffa. Bututu ne mai zare a baki biyu, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Ka juya tsakiya, sandar ta tsawaita ko ta gajarce. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan Massey Ferguson a gona ya ganta. Kuɗinta bai kai na hannun mota ba ko kusa, kuma wanda ya fara hango wannan kamanni ya cancanci jinjina.

Sai dai araha ba ta ado. An ƙera sandar ne don injin da ke tafiyar hawainiya cikin kunya. Ƙwallon bakinta ƙarfe ne a kan ƙarfe, da ɗan sako-sako tun daga kamfani don manomi ya zura fil ba wahala. Babu bushin roba, babu abin tare ƙura. Ramin ƙaramar sandar da aka fi samu milimita 19 ne, ya fi ƙarfin kusoshin motar, dole a yi ciko. Wannan ɗan wasan da garma ba ta damu da shi ba, a gudun kilomita 100 yana iya zama girgizar da ke fizge sitiyari daga hannun direba.

Masu goyon baya za su ce sandar da ke jan garma a busasshiyar ƙasa ai ba mota ce za ta karya ta ba. Ƙarfi kam tana da shi. Abin da ba ta da shi shi ne juriyar bugun rami dubu bayan dubu, da na birkin gaggawa, ba tare da ta saki ba.

Don haka matsayinmu a fili yake. Motar wasa da ake ɗauka a tirela zuwa daji, mai ita ya gwada, yana duba noti kafin kowace fita. Motar da ke kai yara makaranta kuwa, in kuɗin hannu na gaskiya bai samu ba, a bar ta a tsayin da kamfani ya yi ta. A kan titi, ran da ka sa a caca ba naka ba ne kai kaɗai.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman makanikan cikinmu.