Ƙura Ba Kura Ba Ce: Rigimata da Masu Yin Bango da Haruffan Gem

Maƙalar wannan mako ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman masu zana mana bangon littafi, don haka a yi min afuwa tun yanzu.

Wani yayi ya shigo: rubuta sunan littafi da haruffan nan masu kusurwa-kusurwa, waɗanda ake gina su da ɗigo-ɗigo kamar na tsofaffin na'urorin gem. Ni ma suna burge ni. Duk wanda ya yi wasan maciji a Nokia 3310, mai allon ɗigo 84 a kwance, 48 a tsaye, ya san daɗin ganinsu. Amma kwanan baya wata 'yar uwarmu ta turo min bangon labarinta in duba mata. Akwai kalmar "ƙura" a sunan, sai na ga an rubuta "kura". Labarin soyayya ne a lokacin hunturu, bango kuma yana shelar naman daji! Da na yi magana, mai zanen ya ce wai samfurin haruffan da ya ɗauko ba shi da ƙ, kuma "ai mai karatu zai gane".

Wannan jimlar ce ta dame ni. Mai karatu zai gane, haka ne, amma bayan ya yi tuntuɓe. Baƙi da baki ba ɗaya ba ne, haka ɓata da bata, haka ƙafa da kafa. Mu ne muke yin tsiya a nan idan sabon marubuci ya haɗe "da" da kalmar da ke gabanta, sannan mu yi shiru an yanke wa ɗ ƙugiyarta a saman bango, wurin da ido ke fara sauka.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce wai gurbin ya yi ƙanƙanta. Gaskiya ne, a na'urori irin su Commodore 64 ta 1982 da Famicom da Nintendo ya fitar a Japan a 1983, kowane harafi a cikin gida takwas a tsaye, takwas a kwance yake zama, ɗigo 64 ke nan. To amma mu duba yadda Japanawa suka yi da nasu. A rubutunsu akwai 'yan layuka biyu da ake ɗora wa harafi a kafaɗa, su ne ke mayar da sautin "ka" ya koma "ga". A wasan Dragon Quest na 1986 wuri ya yi musu kaɗan ƙwarai, har suka haƙura da haruffan kanji a zancen wasan, suka kuma rage adadin katakana. Amma waɗannan 'yan layukan ba su zubar da su ba: sun ɗauke su sun ajiye a layin da ke saman harafin. Sun san abin da za a iya sadaukarwa da abin da in an taɓa shi ma'ana ta rushe. Mu kuwa da wayoyin da suka ninka Famicom ƙarfi sau dubbai muke cewa babu wuri.

Kuma dalilin da ya sa ƙugiyar ta ɓace ba asiri ba ne. Tsarin ASCII da tsofaffin kwamfutoci suka ginu a kai alamomi 128 ne kacal, an yi shi don Ingilishi. Masu kwaikwayon tsohon salon a yau sau da yawa iyakar abin da suka gada suke zanawa. Ba ƙiyayya ba ce, ba su san da mu ba ne. Amma Unicode ya san da mu: ƙ, ɗ, ɓ da ƴ duk suna da lambarsu, manya da ƙanana. GNU Unifont, wanda Roman Czyborra ya fara a 1998, haruffan ɗigo ne zalla, kuma namu suna ciki. Kyauta ne.

In kuma ka nace sai wani samfurin da ba shi da su, to zana su. Babu nau'in harafin da ya fi wannan sauƙin gyara. Ɗauki takarda mai gida-gida irin ta lissafi, kwafi k, ka lanƙwaso kan sandarta zuwa dama da ɗigo biyu ko uku, ƙ ta samu. Na gwada da kaina: ɓ ba ta ba ni wahala ba, babbar Ɗ ce ta ci min dare, domin ƙugiyarta hagu take fita, tana neman cin gidan harafin da ke kusa da ita. Sai da na matse cikinta da ɗigo ɗaya. Manhajar FontForge kyauta ce, kuma samfuran da ke ƙarƙashin lasisin OFL an yarda a yi musu ƙari, sai dai a karanta sharaɗin sauya suna kafin a yaɗa.

Saboda haka ga matsayata: marubucin da ya biya kuɗin bango, kada ya karɓi aiki sai ya ga ƙugiyoyinsa cif. Mai zanen da ya ce ba zai yiwu ba, ya zo nan ƙasa mu yi ta a gaban kowa, zan ɗora hoton takardata da haruffa takwas ɗin da na zana.